Modu Zai Tafi Koyon Sauraren Tauraro

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Modu,

Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai yawa daga gare ni da mutanen gida duka. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a Ikko kana jiran jirgin ruwa, ko kuwa ta bi ka har Ingila, don ban san wanda zai riga wani ba tsakaninta da jirgin. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a kan ruwa, Ya sauke ka cikin mutanen kirki.

Ba labarin gari zan ba ka ba, wannan ƙannenka za su rubuto maka. Tun da ka tafi hankalina ya ƙi kwanciya. In na zauna a zaure sai in miƙe, in na miƙe kuma in rasa inda zan nufa. Aikin da za ka koya ɗan'uwan nawa ne. Ni na ƙare ƙuruciyata ina sauraren mutanen da ke ƙasa, tun ina sojan sigina mai karɓar saƙon waya a yaƙin Bama na ƙetaren teku har zuwa ɗakin wayar iska na nan Kano, kai kuwa abin da ke yawo a sama aka ce za a koya maka saurare. Ilmin littafi ka fi ni tun tuni. Abin da na tara wanda ba ka da shi kurakurai ne, su zan ɗora maka a cikin kayanka, ko sa yi maka amfani.

Ka san Sule mai goro, wanda ke zama da sandunansa biyu a bakin Kantin Kwari, wanda ba na wucewa sai na tsaya mun gaisa. Ka ji labarin ƙafarsa a bakin mutane, amma ba ka taɓa ji a bakina ba.

Ban daɗe da dawowa daga yaƙi ba a lokacin. Sule ɗan dako ne a ayarin masu awon ƙasa, suna yawo a ƙauyukan Kano da ɗan ƙaramin inji mai aiki da batir, da shi suke kiranmu. Ranar da abin ya faru damina ce, hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin. Ka san yadda abin saurare ke yi in ana walƙiya, kowace tsawa sai ta faɗo cikin kunne kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Cikin wannan hayaniya na jiyo su can ƙasa-ƙasa suna bugowa: maciji ya sari mutum, a aiko mota da magani zuwa Gark... A daidai harafin ƙarshe tsawa ta faɗi ta cinye shi. Garko ce ko Garki? Ɗaya tana kudu, ɗaya tana arewa. A bugun waya haruffan nan biyu ba su da kama ko kaɗan, ɗaya dogaye uku ne, ɗaya gajeru biyu, da na ji ko rabinsa da na gane. Amma ban ji komai ba.

Shugaban ɗakin yana tsaye a bayana ya miƙo hannu yana jiran takarda. Ni kuwa a lokacin akwai wani yabo da ake yi mini, ana cewa Kyari ba ya cewa a maimaita. Yabon nan ya shiga kaina. Na tuna makon da ya wuce ta kudu suke, sai na rubuta Garko, na buga musu cewa na karɓa. Su kuma suka kashe injinsu don kada batir ya ƙare. Mota ta tafi Garko ta yi ta cigiya, babu mai awon ƙasa ko ɗaya. Kafin a gane, a juyo, a nufi Garki cikin taɓo, gari ya waye ya sake yin yamma. Ransa ya tsira, amma ƙafar ta riga ta lalace, a asibiti aka yanke ta.

Da na je duba shi na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya dube ni ya ce, “Malam Kyari, maciji ne ya sare ni, ba kai ba.” Na san don ya sanyaya mini rai ya faɗa, kuma har yau bai sanyaya ba.

To Modu, injin masu awon ƙasa yana nan cikin lardinmu, amma ka ga yadda muryarsa ta kasa tsallake hadari ɗaya. Ina ga abin da ke can sama, da ɗan batirinsa, da nisan da ka ce mota ba ta ƙure shi a yini? Abin da zai iso kunnenka ɗan kaɗan ne, rabinsa hayaniya. Inda ba ka ji ba ka rubuta ba ka ji ba. Kada ka cike gurbi da zato, ko da zaton ya yi kama da gaskiya, ko da babba na tsaye a kanka yana gaggawa. In za a iya maimaitawa ka nemi a maimaita. In ba za a iya ba, ka bar gurbin a buɗe, wanda ya fi ka sani ya gani. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce. Kuma ka yi hankali da yabo, ni shi ya kayar da ni.

Malam Bulus mai gyaran rediyo a Sabon Gari kuwa, ka tashi ka gan mu tare kamar 'yan ɗaki ɗaya, ba ka san da faɗa muka fara ba. Kafin ya buɗe shago shi ma ma'aikacin waya ne, a wata tasha can wajen ƙasarsu ta Zazzau, ni ne mai karɓar saƙonsa a nan. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, hannunsa kawai na sani, don kowane mai bugun waya yana da irin tafiyar hannunsa kamar yadda kowa ke da irin takunsa. Wata damina sai saƙonsa ya riƙa zuwa mini da rauni, sai na matse abin saurare da hannu biyu kafin in tsinci abin da yake cewa. Na buga masa ya ƙara ƙarfi, ya ƙara. Na ce bai isa ba. Ya ce inji ya kai iyakarsa. Na ce to ragonci ne, ba ya kula da kayan aikinsa. Har ƙara na kai, aka aika masa da takardar gargaɗi.

Da ya sami hutu ya hau jirgi ya zo Kano takanas don ya ga wane ne wannan Kyarin. Ya shigo yana huci, ni ma na miƙe na gyara tsayuwa. Bai kai ga buɗe baki ba sai idonsa ya faɗa ta taga. Ya ce, “Waccan ce eriyarka?” Na ce ita ce. Ya ce, “Fito ka gani.” Muka fita. Ashe reshen maɗaci ya yi girma ya kwanta a kan wayar, kwalbar da ke raba waya da turke kuma ta tsage. Da an yi ruwa sai rabin abin da eriya ta kamo ya bi itace ya zurare ƙasa. Kullum ta ƙarƙashin bishiyar nan nake jingine kekena, ban taɓa ɗaga kai ba. Bulus ya yi ta dariya har ya dafa turke. Ya ce, “Ni da na zo da niyyar dambe, ashe gatari ya kamata in riƙo.” Muka sare reshe, muka sake kwalba, na je da kaina na ce a janye takardar gargaɗin. Ranar a gidanmu ya ci tuwo.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne magana tsakanin biyu take, mai aikawa da mai karɓa, ga kuma hanyar da ke tsakani. In ta lalace, kowa ɗan'uwansa yake fara zargi. Kai ka fara da naka gefen. Ka duba eriya, ka duba inda ta fuskanta, ka bi waya da hannu ka ga ko ta yi tsatsa a mahaɗa, sannan ka buɗe baki. Gyaran eriya ɗaya ya fi ƙarin ƙarfi goma. Balle a naka aikin, wa za ka ce wa ya ƙara ƙarfi? Tauraro ba ya jin faɗa. Abin da ya aiko shi ke nan, saura ya rage naka. Haka kuma in kun saɓa da wani abokin karatu a can, Bature ne ko baƙar fata, kada ka yi saurin kai ƙara.

Yanzu sai maganar tauraron kansa, wadda kai ma kana wurin, amma ina so ka ji yadda take a wajena.

Ka tuna shekara biyu da suka wuce, ranar da labari ya zo cewa Rasha ta harba wani ƙarfe sama yana zagaya duniya. Muna zaune a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, dattawan unguwa suka juyo gare ni, tunda ni ne mutumin waya. Ban san komai a kai ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ƙarya ce irin ta manyan ƙasashe, a yaƙi mun ji wadda ta fi ta. Na ce duk abin da aka jefa sama ƙasa zai dawo. Kana gefe ka kawo mana ruwa, ka durƙusa ka ce a hankali, “Baba, gaskiya ne fa. An ce ma ana jin kukansa a gajeren zango.” Na ce maka, a gaban mutane, yaron da bai gama sanin hanyar kasuwar Kurmi ba shi zai gaya mini hanyar sama? Aka yi dariya. Ka ɗauki kwanon ka shiga gida. Na ga bayan wuyanka lokacin da kake shiga, har yanzu ina ganinsa.

Kwana kaɗan Bulus ya aiko a kira ni, ya ce in zo da kai. Muka tarar ya ja wata doguwar waya daga rufin shagonsa zuwa na maƙwabcinsa, ya haɗa ta da tsohon akwatin rediyon soja da ya saya a gwanjo. Kasuwar Sabon Gari tana ci, kowace mota ta wuce sai injinta ya zuba mana ƙara a cikin akwati, har Bulus ya fita ya roƙi wani direba ya kashe motarsa. Muka zauna muna jira, ba komai sai shuu. Na fara murmushi ina shirin cewa ai na faɗa. Sai ga shi. Can ƙasa, siriri, ɗif, ɗif, ɗif, ba hannun mutum ba ne, don babu hannun da ke bugu daidai haka ba gajiya. Ya yi ta ƙaruwa har ya cika shagon, sannan ya fara ja da baya, muryarsa tana sauka, har hayaniya ta rufe shi.

Na ce, “Me ya sa muryarsa ta sauka?”

Ka ce, “Baba, kamar kukan jirgin ƙasa ne. In yana tahowa siriri ne, in ya wuce sai ya yi kauri. Wucewa ya yi ta kanmu.”

Na ce, “To me ke riƙe da shi a can?”

Ka ɗauko ƙwaryar da Bulus ke zuba ƙusoshi, ka juye ta ka kife a kan tebur, ka ce wannan ce duniya. Ka ce in mutum ya yi jifa, dutse zai faɗi a gabansa, in ya ƙara ƙarfi ya faɗi can gaba. To in gudun ya kai wani matsayi, yana faɗowa ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, sai ya yi ta faɗowa ba ya isowa. Ka ce babu iska a can da za ta rage masa gudu sosai, shi ya sa ba ya bukatar inji. Bulus ya ce to yaushe zai dawo? Ka ce kamar tsakanin la'asar da magariba ya gama zagaye ɗaya, amma kafin nan duniya ta ɗan juya, don haka ba ta kanmu daidai zai sake bi ba, zai fi rauni. Muka yi sallah ni da kai a bayan shago, Bulus yana gadin akwati. Muna sallamewa ya ƙwala mana kira. Ya dawo, da rauni, kamar yadda ka ce.

A hanyarmu ta komawa Fagge kana tura kekena, kana ta magana kamar an buɗe famfo. Ka ce wanda ke kusa da ƙasa sauri yake yi, wanda ke nesa a hankali yake zagayawa. Ka ce masana sun lissafa cewa in aka kai wani can nesa ƙwarai, zagayensa zai daidaita da juyin duniya, sai a riƙa ganinsa kamar yana tsaye cak a wuri ɗaya. Ka ce ranar da aka yi haka, Kano za ta aika masa magana ya mayar wa Ikko ko Makka, ba sai an jira yanayi ya yi kyau ba kamar yadda muke jira yanzu, wata tasha ta ɓace da rana ta dawo da yamma. Na ce nisa irin wannan ai muryar ba za ta iso ba. Ka ce sai a yi wa ƙasa babban kunne, eriya mai kamar kwano, a auna ta daidai inda yake. Duk na ji, kuma na gane, don aikina ne. Zuciyata ta cika da alfahari har na ji tsoro. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kula da hanya, kada ka jefa mini keke a kwata.”

Washegari ya kamata in zauna a dakalin nan in ce wa dattawa yaron nan shi ne da gaskiya. A gabansu na kunyata ka, a gabansu ya kamata in wanke ka. Ban yi ba. Na bari maganar ta bi iska. Daga ranar ka daina kawo mini tambaya, ka koma kai wa Bulus, ni kuma ina gani ina jin haushi, alhali ni na rufe ƙofar.

Saboda haka in an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, musamman in ka dawo da takardar shaida mutane suna kallon bakinka. A lokacin ne abin ya fi wuya. In kuma na ƙasa da kai ya faɗi daidai, ka ce masa ya faɗi daidai tun wurin bai watse ba.

Da aka zaɓe ka cikin waɗanda za a tura karatu, ka san irin tirjiyar da na yi. Na ce ga aiki a nan kusa da gida, na ce innarka ba ta da ƙoshin lafiya, na ce wa ya san ko abin nan na taurari wasan manya ne da za a daina gobe. Duk hujjoji ne na baka. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Na hau jirgin ruwa zuwa yaƙi tare da samari da yawa, na ga waɗanda ba su dawo ba, na kuma ga waɗanda suka dawo amma ba su ne suka tafi ba. Da ka ce, “Baba, ko ka yarda ko ba ka yarda ba, na riga na sa hannu,” na yi fushi na daina yi maka magana sai abin da ya zama dole. Innarka ta yi ta kai da kawowa tsakaninmu har ta rame. Wannan ma kuskure ne. Tsoro ne ya kamata in ce maka ina ji, da ka san abin da za ka amsa mini.

Har yanzu ina jin tsoron, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron sanyin ƙasar, don ƙirjinka ba shi da ƙarfi tun kana yaro, ka sa rigar ulun da innarka ta cusa a ƙasan akwati ko da za a yi maka dariya. Ina tsoron wutar da ke cikin manyan injuna. Ko an kashe inji akwai sassan da ke riƙe wuta, kada ka sa hannu sai ka sauke ta, kuma in kana aiki a ciki hannu ɗaya ya kasance a aljihu. In za ka hau turke ka ɗaura igiya ko da abokanka ba su ɗaura ba. Ka nemi alƙibla ranar da ka sauka, mai lissafin hanyar tauraro ba zai rasa gabas ba. An ce a can rana kan daɗe ba ta faɗi ba a wani lokaci, a wani kuma ta faɗi da wuri, to ka tambayi Musulmin da ka tarar yadda suke yi da sallah da azumi, kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka kula da abin da ke cikin tukunya kafin ka ci. In kaɗaici ya dame ka, ka nemi mutane, kada ka kulle kanka a ɗaki da littafi. Kuma ka riƙa rubuto wa innarka ko layi biyu ne, ni zan karanta mata.

Akwai abu ɗaya da na bari sai ƙarshe, don shi ya fi yi mini nauyi, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami.

Kunnena na hagu ya mutu, Modu. Ba yau ba. Tun a Bama na saba in saƙo ya yi rauni sai in murɗa ƙara har ƙarshe, in danna abin saurare a kunne. Ƙara ba ta raba magana da hayaniya, duka biyun take ɗagawa, amma ban yarda ba. In tsawa ta faɗo a haka kuwa kamar an soka maka tsinke. Sajanmu ya sha ce mini in zame abin sauraren gaba kaɗan, ya zauna a kan ƙashi ba a kan ramin kunne ba. Na ga kamar tsoro ne irin na tsofaffi. A hankali kunnen ya fara kuka, daga baya ya yi shiru. Na ɓoye, don mai aikin waya da kunne ɗaya ba a barinsa a kan kujera. Innarka kaɗai ta sani. Shi ya sa kullum nake zama a ƙarshen tabarma ta hagu, shi ya sa kuke cewa Baba ba ya son a yi masa magana yana tafiya. Kai ka kiyaye naka. Ka rage ƙara, ka zame abin saurare, in hadari ya taso ka cire shi in ba dole ba. Kunne ba ya tsirowa.

Ranar da muka raka ka tasha, ni da Bulus, ka ga yadda wurin yake, ga masu dako, ga masu talla, ga inji yana huci. Na tsaya ina kallon kan jirgin don kada in dube ka idona ya ba ni kunya. Na ji an taɓa gefen rigata, na waiwaya na gan ka a durƙushe. Na ɗauka sallama ce kawai. Na ce, “Tashi ka hau, za a bar ka.” Ka tashi ka hau. Ba ka leƙo ta taga ba, na ce a raina har yanzu yaron nan fushi yake yi.

Bulus bai ce mini uffan ba a hanya, kuma ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Shekaranjiya na gaji na bi shi shago. Ko kujera bai ba ni ba. Ya ce, “Malam Kyari, na san kana da taurin kai, amma ban san kana da taurin zuciya ba.”

Na ce, “Me na yi?”

Ya ce, “Yaro ya durƙusa a gaban jama'a ya ce, Baba ka yafe mini. Ka yi banza da shi. Ya sake faɗa. Ka ce ya tashi ya hau jirgi. Ni da nake Kirista na san abin da wannan ke nufi a wurinku, ɗa ya yi tafiya irin wannan ba da yafewar uba ba.”

Na ce, “Ta wane gefe ya durƙusa?”

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, “Ta hagunka.”

Na zauna a kan wani akwatin rediyo. A nan na faɗa masa maganar kunnena. Ya jawo takarda daga aljihun tebur ya ajiye a gabana, ya ce in ban rubuta maka ba shi zai rubuta.

Jiya kuma na je na sami shugabanmu na gaya masa gaskiyar kunnena, don na dama ma ya fara kuka, kuma abin da ya sa ban ji ɗana ba zai iya sa in kasa jin wani. Ya yi mamaki, bai yi faɗa ba. An ɗauke ni daga kujerar saurare an mai da ni wajen kula da kayan aiki. Na ɗauka zan ji ciwo, sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Modu, ban ji ba ne. Wallahi ban ji ba. Ina tuna irin tafiyar da ka yi daga Kano har Ikko da wannan abu a ƙirjinka, sai abinci ya ƙi shiga. Na yafe maka duniya da lahira, abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, ko da yake ni ban ga abin da ka yi mini ba ban da ka zama abin da na so in zama. Tafiyarka da yardata take, da albarkata. Ni ma ka yafe mini.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya kwantar maka da teku, Ya buɗe maka ƙirji ga abin da ka je nema. Allah Ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri. Allah Ya dawo mana da kai muna raye. In ka dawo, ka zauna ta damana, ka ɗaga murya, kada ka ji nauyi. Ina so in ji komai.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Kyari.